Amsar Wasiƙunku: An Liƙe Bambar Mota da Wuta, Ta Sake Tsagewa

 

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Shinkafi, mai mota 'yar Kwatano da yake kai kaya Ƙaura Namoda, wani lokaci har Zurmi. Ya ce ranar wata Alhamis, cikin cunkoson kasuwa, amalanken shanu ya goge shi, bambar gaba ta tsage. Ya kai gareji an liƙe ta da wuta, ba a yi mako biyu ba ta sake buɗewa. Sau biyu ke nan yana biya. Yana tambaya, laifin mai gyara ne ko na bambar?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Amsar a taƙaice ita ce, ba kowace roba ke karɓar wuta ba.

A da, lokacin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, bamba ƙarfe ce. In ta lotsa, fanel bita ya sa guduma, magana ta ƙare. Yanzu kuwa roba ce, robar kuma iri-iri ce. Wadda ta fi yawa a motocin yau ita ce mai alamar PP. Ita kamar kakin zuma take, wuta ta narka ta, ta huce ta daskare, don haka waldar roba tana kama ta. Ɗayar ita ce foliyuretan, mai alamar PUR, wadda wani Bajamushe, Otto Bayer, ya ƙirƙiro a 1937. Danginsu ɗaya da soson katifa. Ita kuma kamar dafaffen ƙwai take, tunda ta daskare ba ta komawa ruwa. In an ɗora mata ƙarfe mai zafi sai ta yi kumfa da hayaƙi, ta bar danƙo a bakin tsagar, wanda ba abin da zai sake mannuwa a kansa. A ido kamar ta kama, amma da ka hau gargada sai ta buɗe. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan, Alhaji. Hayaƙin nan kuma guba ne ga huhu, musamman ga yaran gareji da ke sunkuye a kai.

Ta yaya za ka gane irin taka? A cire bambar a duba bayanta, galibi haruffan suna nan a jiki. In ba a gani ba, a goga sanfefa a ciki: PP tana yin zare-zare tana damewa, PUR kuwa gari take yi, sau da yawa cikinta ruwan ɗorawa ne. Ko a yanki ɗan ɓalli marar fenti a jefa a kofin ruwa. PP tana tasowa sama, PUR yawanci nitsewa take yi.

In lotsawa ce kawai babu tsaga, abin da sauƙi. A zuba ruwan zafi har wurin ya yi laushi, a tura daga ciki da hannu naɗe da tsumma, sannan a kwara ruwan sanyi ya tsaya.

In tsaga ce a jikin PUR, ga yadda mai gyara na ƙwarai zai yi. Zai wanke ciki da waje da ruwa da sabulu, ya bari ta bushe sarai. Kada a jiƙa ta da fetur ko tina, robar na sha, gam ya ƙi kamawa. In an riga an ƙona ta, sai ya kankare wurin ƙunar duka. Zai huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta kamar kwari, ya goge fentin gefe da sanfefa. Sai ya gauraya gam mai haɗi biyu wanda aka yi don roba mai lanƙwasa, ya shimfiɗa ƙyallen faiba ta ciki, ya shafe shi. In ciki ya bushe, sannan ya cike waje, ya goge, ya yi fenti. Ƙarfin gyaran a ciki yake, na waje ado ne. Kada ka yarda a sa maka fila irin ta bodin ƙarfe, ko sufa gulu. Su ba sa lanƙwasa, da bambar ta motsa sai su fashe.

Amma in kunnuwan da ke riƙe ta sun kakkarye, ko rana ta cinye ta tana marmashewa, kada ka ƙara zuba kuɗi. A nemo wata a Gusau, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano. A kuma duba ƙarfen da ke bayanta, domin robar riga ce kawai, shi ne ke tare karo.

Kada wani ya ce ai bamba kwalliya ce. Wadda aka ɗaure da igiya tana iya saukowa ta shiga ƙarƙashin taya, kuma duk mai bin hanyar Shinkafi ko ta Zurmi ya san tsayawa a tsakiyar daji ba abin so ba ne. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka Alhaji, kafin ka sake biyan ko kwabo, ka ce wa mai gyara ya juya bambar ku karanta haruffan tare. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa.