Zuman da Na So In Mayar wa Mai Shi

  Minti goma aka ba ni, kuma na ga an riga an shigo da kulolin abinci, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Watana biyu da sauka a nan Taman Melati na sayi kwalbar zuma a kasuwar dare. Da na buɗe a ɗaki, sai na ga abu tsararo kamar ruwan shayi. Na lasa, tsami kamar an jiƙa tsamiya. Na ce shi ke nan, an ga baƙo an yi masa sakiyar da ba ruwa. Har gwajin gida na yi: na tsoma tsinken ashana na ƙyasta, ya ƙi kamawa. Washegari na ɗauko kwalbar zan mayar, wani abokin karatuna ɗan ƙasar nan ya duba rubutun jikinta, ya yi ta dariya. Ya ce, ai wannan kelulut ne, ya fi wanda kake nema tsada.

Kun san mene ne kelulut? Dangin rakuwa ne. Waɗannan ƙananan ƙudajen marasa harbi, masu gida a kogon itace, da muke tonowa da tsinke muna yara. A nan sana'a ce sosai, ana kiwonsu a akwatuna, jami'o'i na bincike a kansu.

Ga inda gwajina ya ɓata. Ƙa'idar Codex ta duniya ta ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Zuman kelulut kuwa haka yake fitowa da ruwa fiye da wannan, ba wanda ya sirka shi. Da wannan ƙa'ida za a bi, da duk an ce algus ne. Sai Maleshiya ta fitar da tata a 2017, mai lamba MS 2683, wadda ta amince da ruwa har kashi 35. A 2020 kuma masu bincike na Jami'ar Queensland ta Ostireliya, da takwarorinsu na Jami'ar Putra ta nan, suka gano wani sukari mai suna tirehalulos da yawa a cikin zuman ƙudan da ba sa harbi. Sukari ne da ba ya saurin hawa jini. Amma don Allah kada wani ya buga wa Baba mai ciwon suga waya ya ce ya sha ludayi guda, ban faɗa ba.

To mu koma gida. Zumanmu na ɗorawa da kaɗanya, farar saƙa, ba na jin akwai wanda zai raina shi. Amma da me muke tabbatar da shi? Da rantsuwa. Mai talla ya rantse, kai kuma ka ƙyasta ashana, ko ka ɗiga a ƙasa ka ga ko zai dunƙule. Ashana danshi kawai take nunawa. Wanda ya dafa sukari ya yi kauri zai ci wannan jarrabawa, mai zuman gaskiya mai ɗan ruwa ya faɗi. A ɗakin gwaji kuwa, ana gane sukarin rake da na masara ta irin sinadarin kabon ɗinsu, domin ya bambanta da na yawancin furannin da ƙudan zuma ke bi.

Abin da ya fi damuna ma ba 'yan algus ba ne. Mai amya ne na kirki, wanda ya hau bishiya da dare da wutar kara, ya ƙone rabin ƙudan, ya matse saƙa har da 'ya'yan ciki da zuman da bai nuna ba. Ruwa ya yi yawa, bayan 'yan makonni kwalba ta fara kumfa. In ya ɗora a wuta don ya tace, wani sinadari da ake kira HMF ya ƙaru, kuma iyakarsa ga zuman ƙasashe masu zafi miligiram 80 ne a kilo. Mutum bai cuci kowa ba, amma kayansa ba za su ƙetare iyaka ba.

Na san wani zai ce, to mu sayi ƙudan waje masu yawan zuma mu kai gida. A'a, wallahi kada mu fara. Akwai wani ƙwaro ja mai kama da kaska, bai kai ƙwayar riɗi ba, sunansa baruwa. Asalinsa a jikin ƙudan zuman Asiya yake, sun saba da juna. Da aka kawo ƙudan Turai wannan nahiya, sai ya koma kansu, ya bi su duniya: Amurka a 1987, Ostireliya a 2022. Yana cin kitsen jikinsu, yana baza musu cututtuka. Mu ma mun ba duniya namu: ɗan buzuzun amya, wanda aka fara bayaninsa a 1867 daga samfurin da aka ɗauko a Kalaba. A gida ƙudanmu sun iya da shi, a Amurka ya yi ɓarna. Shi kuma baruwa, da aka same shi a Kenya a 2009, binciken da ya biyo baya ya nuna ƙudan can suna jure masa ba tare da magani ba. Faɗan nan da muke zagin ƙudanmu da shi, da saurin ƙaura, ni dai na daina raina su.

Roƙona ga masu neman batun digiri na biyu da na uku: zuman rakuwarmu na jiran mai auna shi. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai auna ruwan zuma, rifiraktomita, tana shiga aljihu, ɗigo ɗaya take buƙata. Duk mai tafiya hutu da ke da mai amya a danginsa, ya same ni in nuna masa yadda ake karanta ta.

Ga kwalabe uku can kan tebur, ɗaya kelulut, ɗaya daga gida, ɗaya ni na dafa da sukari jiya da dare. Bayan abinci kowa ya lasa ya rubuta zaɓinsa. Shugaba, kai za ka fara.