Jawabi Kan Yaranmu a Gaban Shari'a

 

Da yawanmu mun taɓa yini a ƙofar caji ofis saboda yaro, ko an kama shi wajen talla ko wajen faɗa. To mu sani, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a nan Abuja. Duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. In an kama shi, wajibi ne a sanar da iyayensa nan take, kada a tsare shi tare da manya, kuma Kotun Iyali ce za ta saurare shi. Dokar ta kuma ce a horar da masu wannan aiki.

Sai dai doka ba ta amfanar yaro in wanda ke riƙe da shi bai san ta ba. Don haka ina kira ga 'ya'yanmu masu digiri, 'yan sanda, lauyoyi da ma'aikatan jin daɗin jama'a, su ƙaro ilimi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, hedikwatarta tana Jabi, kuma tana ba da babbar difloma da digiri na biyu a nazarin laifuka da tsaro. Karatun daga nesa ne, ba sai mutum ya bar aikinsa ba, jarrabawa ce ke kai shi cibiya.

Yaron da ya tsorata da Hausa zai yi bayani. Ran nan muna bukatar wanda ke jin harshensa, ya kuma san doka.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.