Sirrin Majiyyaci Amana Ce: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan ƙa'idojin aikin jinya, tun da a cikinsa na yi furfura. Ƙa'idojin suna da yawa, lokaci kuwa kaɗan ne, saboda haka zan tsaya a kan guda ɗaya wadda ta shafe ni ta kuma shafe ku, watau riƙon sirrin majiyyaci. Kusan duk taron da muka haɗu sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah wane da aka kwantar a wajenku, me ke damunsa?" In na ce a je a tambaye shi, sai a ce fararen kaya sun sa mini girman kai. To, yau ga dalilina.

Ina sabon fitowa daga makarantar koyon jinya aka tura ni wani asibiti, sashen masu ciwon ƙirji. Cikin masu zuwa karɓar magani akwai wani mai shayi, magidanci, wanda gwajin kaki ya nuna yana da tarin fuka. Wata rana da yamma a majalisa maƙwabcinsa ya tambaye ni jikinsa, na ce, "Ai da sauƙi, tarin fuka ne, an ɗora shi a kan magani." Ban faɗa da mugun nufi ba. Amma kafin mako ya zagayo babu mai zama a bencinsa. Ya daina zuwa asibiti don kada a gan shi a layi. Da muka bi sawu, sai aka ce ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye. Ban sake ganinsa ba.

Ku duba girman ɓarnar. Tarin fuka yana warkewa idan an sha magani ba fashi, yawanci wata 6 a tsarin yanzu, kuma bayan 'yan makonni da farawa haɗarin shafa wa wani yana raguwa ƙwarai. Wanda ya yanke magani a tsakiya kuwa, ciwon kan dawo, wani lokaci ma ya daina jin maganin, ya kuma ci gaba da yaɗuwa. Ke nan bakina ya raba mutumin da sana'arsa, ya kuma jefa iyalinsa cikin haɗari. Da shugabar sashenmu ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, wa ya ba ka izinin kyauta da abin da ba naka ba?"

Wannan ba ra'ayinta ba ne ita kaɗai. Rantsuwar da aka sa wa sunan Florence Nightingale, wadda aka tsara a Amurka a 1893, tana ƙunshe da alkawarin ɓoye sirrin marar lafiya da na gidansa. Majalisar ma'aikatan jinya ta duniya ta fitar da kundin ɗa'arta na farko a 1953, ta sake sabunta shi a 2021, kuma maganar tana nan. A nan gida, Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, tana da ikon soke rajistar wanda ya ci amanar aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana fitar da bayanin majiyyaci sai da rubutacciyar amincewarsa, ko umurnin kotu ko na doka, ko buƙatar iyaye da waliyyin wanda ba ya iya yanke wa kansa hukunci, ko inda yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari.

Wannan togaciya ta ƙarshe tana da muhimmanci. Da yawanmu ba mu manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Cuta irin sanƙarau ko kwalara ko zazzaɓin Lassa dole ne mu kai rahotonta da gaggawa. Amma ga hukumar lafiya ake kai shi, ba ga majalisar ƙofar gida ba.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne idan miji ne ko suruka ko iyayen mai neman aure suka tsare ka suna son sakamakon gwaji. Abin da na koya shi ne in zauna da mai sakamakon, in nuna masa amfanin faɗa da bakinsa, in kuma tsaya tare da shi ranar da zai faɗa.

A ƙarshe ina da roƙo biyu. Na farko, idan ɗayanmu ya kwanta, ku je ku duba shi; abin da ya so ku sani zai gaya muku. Na biyu, kafin a saka hotonsa ko takardar asibitinsa a zaurenmu na WhatsApp da sunan neman taimako, a nemi izininsa tukuna. Magana zarar bunu ce, kuma gobe ana iya cewa katin ɗayanmu ne a hannun nas.