Jawabi Game da Ribaɗin Sarkin Musulmi Bello

Tun da ya ke mun taru don tunawa da magabatanmu na aikin En'e, ina so in ja hankalinku ga wani aiki wanda ya girmi En'e, watau ribaɗi.

Abin da a ke kira ribaɗi shi ne gari mai ganuwa wanda a ka kafa a bakin iyaka, jama'a su zauna ciki su tsare ƙasa. Bayan an ci Alƙalawa cikin 1808, aka gina Sakkwato cikin 1809, yaƙi bai ƙare ba. Gobirawa na kawo hari daga arewa maso gabas, Kabawa kuwa daga yamma. Da Shehu ya rasu cikin 1817, Allah ya ji ƙansa, sai nauyin ya faɗa kan ɗansa Muhammadu Bello. Ya duba ya ga rundunar da ke fita da rani ta komo gida da damina ba ta isa tsaron iyaka ba, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ya sa aka kafa garuruwa a mashigan abokan gaba. Kowanne aka kewaye shi da ganuwa, aka gina masallaci, aka ba shi limami da alƙali da malamai, aka buɗe kasuwa. Aka raba gonaki, aka jawo maƙera da masaƙa da marina. Fulani makiyaya aka lallashe su su zauna wuri guda su koyar da 'ya'yansu karatu. Mutumin da gonarsa da rumbunsa da iyalinsa ke cikin gari, ba a roƙonsa ya hau ganuwa ranar da an ji ƙugen yaƙi. Shugabancin garuruwan nan kuwa, 'ya'yansa da danginsa ya ɗora wa, don kada a ce ya tura 'ya'yan wasu bakin mashi ya ɓoye nasa.

Abin da ya fi wannan, shi kansa ya bar Sakkwato ya zauna Wurno, kusa da fadamar Gulbin Rima, ta fuskar Gobir. Ya ci Gobirawa da mataimakansu a Gawakuke cikin 1836, ya rasu a Wurno cikin 1837, kabarinsa na can har yau. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya zauna. Ahmadu ɗan Atiku ya riƙe Cimmola. Ɗansa kuma, Marafa Muhammadu Maiturare, ya kafa Gwadabawa, ya raya dajin arewa da ƙauyuka, sa'an nan ya zama Sarkin Musulmi cikin 1915.

To, jama'a, ga inda labarin ya shafe mu. Bayan zuwan Turawa cikin 1903, da aka yanka ƙasa gunduma gunduma, an umurci hakimai su bar birni su koma cikin talakawansu da zama. Malamin haraji da malamin asibiti da malamin makaranta duk suka bi su. Da yawa cikin waɗanda mu ke tunawa yau haka su ka ƙare aikinsu, nesa da birni, bisa doki ko keke. An rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi su ka gaje shi cikin 1976, amma bukatar ba ta rushe ba.

Kun dai san halin da ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Raba su ka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Ganuwar ƙasa ba ta tare harsashin zamani, wannan gaskiya ne, kuma tsaro da makami aikin soja ne da 'yan sanda. Amma garin da hakiminsa ya ƙaura, makarantarsa ta rufe, asibitinsa ba kowa, ya faɗi tun maharan ba su iso ba. Wanda duk aka tura ƙauye, kada ya ɗauka horo a ke yi masa. Ya tuna Sarkin Musulmi da kansa ya zaɓi bakin iyaka.

Allah ya ji ƙan magabata, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin.