Riƙon Yaro Bayan Rabuwar Aure

Yau za mu ɗan ajiye alli da allo, mu yi zancen 'ya'yanmu. Kadan aure ya mutu, wa zai riƙe yaro?

Abin da aka saba a nan ƙasar Batsari da Safana kun san shi. Mace ta fita da goyo, da an yaye shi sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa. A miƙa shi ga kishiyar uwa, ko ga gwaggo a wani gari, a ce ai yaro ne, bai san kome ba, kwana uku ya manta.

To, wannan al'ada ce, amma shari'a ba ta ce haka ba. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Malamanmu suna karanta wannan cikin Risala. Kadan uwa ta auri wani wanda ba dangin yaron ba, reno ya koma ga uwar uwa, sa'an nan ga 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Ci da sha da tufa da magani kuwa suna wuyan uba, ko ina yaron yake. Har Sayyidina Umar ya taɓa ɗauke ɗansa Asim a Ƙuba bayan ya rabu da uwarsa. Kakar yaron ta kai ƙara gun Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata shi. Umar bai yi musu ba. Labarin yana cikin Muwaɗɗa.

Yanzu mu koma ga cewa yaro bai san kome ba. Wannan ita ce babbar ɓata. Tun yana wata bakwai ko takwas jariri ya san mai renonsa, yana ƙiwuya ga baƙo. Watau ya riga ya kama mutum guda a ransa, kuma a jikin wannan mutum yake samun natsuwar da zai yi wasa, ya koyi tafiya da magana. Wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan wannan a 1951, bayan yaƙi ya raba yara da yawa da iyayensu a Turai. Yaron da aka raba da uwa farat ɗaya yakan yi ta kuka, daga baya ya yi shiru, ya ƙi abinci, ya koma fitsarin kwance. Mu kuwa sai mu ga shirun mu ce ya haƙura. Bai haƙura ba, ya gaji ne.

Ku dubi kuma yadda muke haɗa masa asara biyu rana ɗaya: a cire shi daga nono, a raba shi da uwa. Ya tarad da gidan da ba mai zama ya lallashe shi ya ci, sai koko tsararo da ɗan rogo. Nan tamowa ke shiga, ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja. Cutar nan a Gana ana ce da ita kwashoko, watau ciwon yaron da aka ture daga nono. Maganinta yana gidajenmu: wake, ƙuliƙuli, nono, zogale, ƙwai. Masu cewa ƙwai na sa yaro sata, a tambaye su, ɓarayin da suka sani duk ƙwai suka ci?

Ba na ce uba ba shi da rabo. Yaro yana bukatar ubansa, ya san shi, ya san danginsa. Uwar da ta hana uba ganin ɗansa, ko take zaginsa a kunnen yaro, ta cuci yaron. Haka uban da ya ƙi aiko da hatsi don ya ƙuntata wa tsohuwar matarsa. Cikin ɗansa ya ƙuntata. In kuwa uwa ba ta iya riƙo, don hauka ko mugun hali, alƙali na da ikon mai da yaro ga mai bi mata.

Akwai kuma marayun da harin 'yan bindiga daga dajin Rugu ya bar mana, musamman tun shekarar 2019 da mutanen ƙauyuka suka yi ta gudowa Batsari. In za a raba su ga dangi, a bar wa da ƙane wuri ɗaya, a ba wadda yaron ya riga ya saba da ita.

In dole sai yaro ya sake hannu, a bi sannu. Sabuwar mai reno ta riƙa zuwa yana ganinta, ya tafi da zanen goyonsa da ƙoƙonsa, a bar shi yana kai wa uwa ziyara. In gardama ta tashi, ku fara da mai unguwa da liman. In ta ƙi ƙarewa, ku je kotun shari'a tare, kada wani ya aika a sato yaro daga bakin rijiya.