Yadda Ake Kashe Wutar Yaƙi a Finafinan Sararin Samaniya Masu Dogon Zango

 

Tayar da yaƙi a labari abu ne mai sauƙi, kowane marubuci zai iya. Inda ake gane gwani shi ne ranar da za a ajiye makamai. A kan wannan zan yi magana yau, da misalai daga finafinan almarar kimiyya na talabijin ɗin Amurka.

Bari in fara da Star Trek: Deep Space Nine, wanda aka haska daga 1993 zuwa 1999, zango bakwai, kashi 176. Tun a zango na biyu aka fara jin sunan daular Dominion, amma yaƙi bai ɓarke gadan-gadan ba sai ƙarshen zango na biyar, a 1997. Shekaru marubutan, ƙarƙashin Ira Steven Behr, suka yi suna haɗa hadari kafin a kece da ruwa. Da Kyaftin Sisko ya bar tasharsa a hannun abokan gaba, sai ya bar ƙwallon wasansa a kan tebur, alamar cewa yana nan dawowa. Kashi shida a jere aka yi kafin ya dawo.

A nan kuma suka yi tuntuɓe. Jiragen yaƙin Dominion 2,800 suna tafe ta ƙofar sararin samaniya, babu mai iya tare su, sai halittun da ke zaune cikin ƙofar suka ɓatar da su gaba ɗaya saboda Sisko ya roƙe su. Na san an gina waɗannan halittu tun kashin farko, kuma sun ce masa zai biya diyya. Duk da haka ban gamsu ba. Mai kallo ya yi makonni yana bin mutanen da ke sadaukar da rayukansu, sai ga nasara ta faɗo daga sama.

Abin da ya fanshi fim ɗin a wurina shi ne yadda ya tsaya a kan raunin da yaƙi ke bari. A wani kashi na 1998, Sisko ya gaji da liƙa sunayen mamata duk ranar Juma'a, ya haɗa baki da Garak, tela kuma tsohon ɗan leƙen asiri, don a jawo Romulawa cikin yaƙin da shaidar jabu. An kashe sanatansu a kan hanya, dabarar ta ci, Sisko kuma ya zauna da wannan nauyi a zuciyarsa. Sai kuma Nog, yaron da muka san shi tun yana ƙiriniya a kasuwar tasha. Ya rasa ƙafa a fagen fama. Da wani fim ɗin ne, da ya manta da maganar a mako na gaba. Su kuwa suka ware kashi guda cur don mu ga Nog yana dogara sanda alhali likitoci sun ce sabuwar ƙafarsa lafiya lau, ya ƙi mutane, ya ɓuya a ɗakin wasannin na'ura saboda tsoro. Ban taɓa kallon wannan kashi zuciyata ba ta sosu ba. Saboda irin wannan haƙuri ne, da aka zo ƙarshe a 1999 aka ce mutanen duniyar Cardassia miliyan 800 sun hallaka, adadin ya yi wa mai kallo nauyi.

Babylon 5 ta bi wata hanya. J. Michael Straczynski ya tsara labarin shekara biyar tun farko, shi ya rubuta kashi 92 cikin 110 da hannunsa. Amma a zango na huɗu kafar da ke rarraba fim ɗin tana durƙushewa, ba a da tabbacin zango na biyar. Babban yaƙin da aka yi shekaru ana jira, tsakanin Vorlon da Shadows, ya ƙare a kashi na shida na zangon, aka kuma cusa yaƙin basasar Duniya a sauran. Da tashar TNT ta karɓi zango na biyar, an riga an cinye naman, sai romo. Masu kallo da dama sun yi ƙorafin cewa an gama yaƙin da surutu. Ni ina ganin daidai aka yi. Rikicin na aƙida ne tun asali: ɓangare ɗaya na son biyayya da tsari, ɗayan na ganin ci gaba sai da hargitsi. Jaruman fim ɗin, Sheridan da Delenn, suka ce ba za su bi kowa ba, manyan su tattara su tafi. Maganin ya fito daga cikin cutar. Gaggawa ce ta rage masa armashi.

Star Trek: Discovery kuwa, a zangonta na farko mai kashi 15, ta tayar da yaƙi da Klingon, ta karkata zuwa wata duniyar na tsawon makonni, sannan ta dawo ta kashe wutar a kashin ƙarshe da bam guda da aka damƙa makunninsa a hannun L'Rell, wata 'yar Klingon. An fafe gora ranar tafiya.

Ku da za ku rubuta mana finafinai masu dogon zango, ko na sarari ne ko na rikicin gado a gidan yawa, roƙona gare ku shi ne: ku san yadda faɗan zai ƙare kafin ku rubuta kashin farko, ku sa ƙarshen ya fito daga zaɓin mutanen da muka sani, sannan ku ware wa masu rauni lokacinsu bayan ƙura ta lafa.