'Ya'yan Shehu Mata da Gadon Sarautar Musulunci a Zamanin Wurno

 

Duk wanda ya ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a nan Wurno, ribaɗin da ya kafa, inda kuma Allah ya karɓi ransa a 1837, ya kamata ya tuna cewa gadon wannan sarauta bai taɓa zuwa da sauƙi ba, tun daga wafatin Shehu Usmanu a 1817, sa'ad da aka yi wa Bello mubaya'a alhali baffansa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ba mai shakkar iliminsa, yana raye, zukata kuwa ba su kwanta ba sai da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina. Da Bello ya rasu sai aka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku, sa'an nan a 1842 sarauta ta komo ga Aliyu Babba ɗan Bello, daga nan galibi ta riƙa kai-kawo tsakanin gidajen nan biyu har zuwan Nasara a 1903. Ko takarar 1938, wadda Ahmadu Rabah ya nema Abubakar na Uku ya samu, cikin zuriyar Bello aka yi ta.

Abin da ya tsayar da ni a gabanku shi ne makomar 'yan'uwan waɗannan sarakuna mata, domin a wasu ƙasashe jinin sarauta ya zame wa irinsu masifa. A Ingila, 'yan'uwa uku na gidan Grey, waɗanda kakarsu ƙanwar Sarki Henry na Takwas ce, sun ga haka: Jane, wadda aka ɗora a gadon sarauta kwana tara a 1553, an fille mata kai a 1554 tana yarinya, Katherine da Mary kuwa, saboda sun yi aure ba da iznin Sarauniya Elizabeth ba, aka raba su da mazajensu aka tsare su, har Katherine ta rasu a tsare a 1568. Laifinsu duka bai wuce cewa su, ko 'ya'yan da za su haifa, suna iya da'awar mulki ba.

A daular Sakkwato, inda fiƙihu bai ba mace imamanci ba, al'ada kuma ba ta ba ɗan mace wannan gado ba, ba wanda ya ga dalilin tsoron 'yar Shehu, ita kuwa sai ta sami ikonta ta hanyar ilimi da surukuta. Hadiza ta auri Malam Mustafa ta haifi Abdulƙadir ɗan Tafa, babban malamin Salame. Faɗima ta auri Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo. Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bayan rasuwarsa a 1846 ta komo Sakkwato. Amma wadda al'amarinta ya fi jan hankalina ita ce Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuma mahaifiyar Waziri Abdulƙadir, wadda ta zauna a tsakiyar gidan da ake jin maganarsa wajen zaɓen Sarkin Musulmi, ta ga mulkin 'yan'uwanta biyu da na 'ya'yansu, tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, tana naɗa wa jajoji malfa tana aika su ƙauyuka su karantar da mata, har ta rasu a 1864, Maryam ta ɗauki ragamar wannan ƙungiya ta 'yan taru a bayanta.

Ba na cewa rayuwarsu ba ta da ɗaci, domin aurensu ma ƙulla amana ne tsakanin manyan gidaje, marsiyyoyin Asma'u kuma, musamman ta Bello, cike suke da hawaye. Sai dai a ganina masu tarihinmu sun zalunce su, sun ƙirga kwanakin kowane sarki, su kuwa sai a ambace su a gefen takarda.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ke da tsofaffin takardu a gafaka, a Wurno ko Rabah ko Goronyo, waɗanda suka ƙunshi waƙoƙin matan nan ko wasiƙunsu, ya fito da su a kwafa tun gara ba ta cinye su ba.